Sakkwato zuwa Birnin Kebbi a motar haya, ka je ka dawo a yini guda

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce kana son kai Inna Birnin Kebbi ta duba ƙanwarta da ke kwance a asibiti, ku juyo a ranar, ga shi ba ka da mota, kana tambaya ko zai yiwu. Zai yiwu ƙwarai, in Allah ya yarda. Amma ka sani ba hanyar ce ke cinye wa mutum yini ba, zaman jiran lodi ne, musamman a dawowa. A kan wannan za ka gina lissafinka.

Tsakanin garuruwan biyu kimanin kilomita 150 ne, tafiyar awa biyu zuwa biyu da rabi idan mota lafiyayya ce kuma ba a daɗe a shingayen jami'an tsaro ba. Jirgin ƙasa babu, don haka motar tasha ce ko shata. Ku yi sallar asuba, ku karya, kafin ƙarfe bakwai kuna cikin babbar tasha. A wannan lokacin ma'aikata da 'yan kasuwa ke tafiya, mota kan cika cikin ɗan lokaci. Wanda ya bari har ƙarfe goma ko sha ɗaya yana iya share awa guda ko fiye a zaune cikin mota ana jiran mutum biyu, ga rana ta take. A watannin Maris zuwa Mayu, da zafi ke haura digiri 40, wannan zaman kaɗai ya isa ya galabaitar da tsohuwa tun ba a tashi ba. Kada kuma ka ɗora ta a kan kabu-kabu zuwa tasha, ku ɗauki keke napep ya shiga da ku har wurin da ake lodi.

Da isarku, kafin ka miƙa ko sisi, ka tambayi ɗan kamasho wace hanya motar za ta bi, domin hanya biyu ce. Akwai ta Argungu, wadda ke shiga Birnin Kebbi ta wajen Ambursa inda filin jirgin sama yake. Akwai kuma ta Tambuwal, Aliero da Jega, wadda ke shigowa ta Kalgo, ita ta ɗan fi nisa kuma manyan motoci sun fi yawa a kanta. Abin da ke faruwa da baƙo shi ne ya ji ana kiran Kebbi ya faɗa motar da iyakarta Jega, a can a sauke shi ya sake neman wata, ya biya kuɗi sau biyu, ya yi jiran lodi sau biyu. Ka ce da bakinka, "Har cikin Birnin Kebbi?" ka ji amsar direban da kansa.

Batun wurin zama shi ne inda nake so ka saki hannu. Ƙananan motoci irin su Golf mutum biyu suke sawa a gaba, huɗu a baya. Wanda ke gaba ta tsakiya rabin jikinsa a kan giya yake, duk canjin da direba zai yi sai ya bugi gwiwarsa. Ka biya wa Inna kuɗin mutum biyu a gaba ta zauna ita kaɗai, ta miƙe ƙafa, ta ɗaura bel. Wannan ya ma rage muku jira, tunda kujera ɗaya ta cika ke nan. Idan ba ta son zama kusa da direba, ku sayi kujera uku a baya ku biyu, ita a bakin taga ta ɓangaren da rana ba ta bugu. Sharon da bas sun fi sarari amma sun fi jinkirin cika, kuma kujerar can baya ba ta masu ciwon ƙafa ba ce.

Ka lura da wani abu: ba duk wanda ka gani zaune cikin mota ne fasinja ba. Wani lokaci 'yan tasha ne ke zama don a ga kamar saura mutum ɗaya, ana samun fasinja sai ɗaya ya zame. Ka dubi but. Idan mutum biyar ne a ciki amma babu jaka ko buhu ko ɗaya, da sauran zama. Ka zagaya motar kuma ka dubi tayoyi, idan sun suɗe har zare ya fito ka haƙura ka jira ta bayanta, domin kwalta mai zafi da taya suɗaɗɗiya da lodi fiye da ƙima su ne ke kawo fashewar taya.

Kuɗin mota tun da aka cire tallafin fetur a 2023 ba ya tsayawa wuri guda, yana bin farashin mai, yana kuma tashi a jajibirin sallah da lokacin komawar ɗalibai makaranta. Ka leƙa tasha ana gobe tafiya ka ji farashin ranar. Ka riƙe tsabar kuɗi na zuwa da dawowa da ɗan ƙari, da canji ƙanana, kada ka dogara da tiransifa, sabis kan ɗauke a daidai lokacin da ake buƙatarsa. Ka ɗauki katin shaidarka da nata saboda shingaye, da ruwa gora biyu, da maganinta a jakar hannu, ba cikin kayan da za a danne a but ba. Idan an kawo takardar rubuta sunayen fasinjoji ka cike ta da lambar wani na gida, ka kuma tura wa 'yan gida lambar motar.

Ina roƙonka kada ka tsayar da motar bakin hanya don rangwamen da bai taka kara ya karya ba. Motar tasha an san direbanta, ƙungiya ta san layinsa, ko kaya aka manta akwai inda za a bi sawu.

Sai dawowa, wadda ita ce mutane ba sa shiryawa. Asibitoci suna da lokacin ziyara, ka kira mai jinya tun yau ka ji ƙarfe nawa ake barin shiga, kada ku isa da hantsi a ce sai bayan la'asar. Idan da hali ku gama komai ku kasance a tasha kafin ƙarfe uku, ku shigo Sakkwato da sauran rana. Bayan la'asar fasinja kan yi ƙaranci, direba ya ce sai a cika masa kuɗin kujerun da suka rage, in kuma mota ta tashi a makare sai ya yi ta gudu don ya rama. Da safe, kafin ku sauka, ka karɓi lambar direban da ya kai ku, ka tambaye shi yaushe layinsa zai zo, sau da yawa zai ajiye muku gaba. Idan kuwa har ƙarfe biyar ta yi ba ku tashi ba, ku kwana wurin 'yan'uwa ku bi motar farko da safe. Don haka ka ce wa Inna ta saka zane ɗaya da maganin dare a jakarta tun daga gida. Allah ya ba mai jiki lafiya, ya kai ku lafiya.