Amsa ga Yaya kan maki da hawa mataki a wasanmu

Salamu alaikum jama'a. Yaya, na saurari muryarka kan wasan labarin nan namu, inda kowa ke riƙe da mutum guda a cikin labarin, kamar ɗan tauri, boka ko falke, yana tara maki don hawa mataki. Ka ce a tsayar da maki nawa za a rubuta wa kura, nawa ga ɗan fashi, nawa ga dodon rijiya. To wallahi ni a jina ba lissafin nan ne ke damunka ba. Abin da ke ci maka tuwo a ƙwarya shi ne ɗan tauri ya kai mataki na huɗu, boka da falke suna nan a na biyu, har masu riƙe da su sun fara zuwa a makare. Ko ka sa wa kura maki dubu, ɗan taurin ne dai zai kwashe, tunda shi ke sara.

Dokar da muka rubuta ce ta jawo haka: wanda ya yi bugun ƙarshe shi ke da maki. Daga ina ma muka samo ta? Ko a Dungeons & Dragons, sanannen wasa irin namu da muke leƙawa, ba haka suke yi ba. A littafin dokokinsu na 2014, ƙaramin dodon da suke kira goblin maki 50 ne, kuma raba shi ake yi tsakanin duk waɗanda suka shiga faɗan. Mataki na biyu maki 300, na uku 900, na huɗu 2,700, na biyar 6,500. Ka lissafa, mutum huɗu sai sun kayar da goblin 24 kafin kowa ya taka na biyu, amma tare za su taka. Mu kuwa mun ɗauko jadawalinsu mun bar rabon.

Kuma a littafin wasan da masu ƙirƙirarsa Gary Gygax da Dave Arneson suka fara fitarwa a 1974, dukiya ma maki ce. Zinaren da ka fito da shi daga kogo, kowane ɗaya maki ɗaya. Me ya biyo baya? 'Yan wasa suka koyi sanɗa, su lallaɓa su ɗebe kaya su bar dodo yana barci. Mutum abin da ake biyansa a kai shi yake yi. Mu sara muke biya, shi ya sa kowa ya zama mahauci.

Ku tuna daren mashigar kogi. 'Yan fashi sun tare ayari, sun fi mu yawa, kibiyoyinmu sun ƙare. Falkena ne ya sauka daga jaki, ya kwance kayan goro, ya zauna da shugabansu. Na jefa dayis, ya ba ni goma sha takwas, kowa ya gani. Aka daidaita a kan huhun goro biyu da gishiri, ayari ya haye ba wanda ya ji ciwo, har suka nuna mana hanyar da ba kura. Da aka tashi rubuta maki, me na samu? Sifili. Wai ba a kashe kowa ba. Ɗan tauri kuwa, bayan an gama sulhu, ya koma ya sare mai gadinsu da ke gyangyaɗi, aka ba shi hamsin. Hamsin fa! Wanda ya kusa ɓata sulhun shi aka saka wa. Kuma mai jan labari, wanda ke tafiyar da wasan, ya ce min doka ce. Na san doka ce, ai da ni aka rubuta ta, shi ya sa nake cewa a goge ta. Har yau in na buɗe takardar falken nan na ga layin daren babu komai, raina ɓaci yake.



Ga abin da nake so. Maki ya zama na warware matsala, ko da takobi, ko da baki, ko da dabara. Mai jan labari ya sa wa mashigar kogi maki ɗari biyu tun kafin a fara, duk yadda aka haye, a raba daidai. Ko ma a bar ƙidayar gaba ɗaya, a ce ranar da ayari ya isa birni kowa ya hau mataki guda. Ni na fi son a riƙe makin, domin ƙanenmu yana jin daɗin rubutawa a takardarsa, kuma da gaskiyarsa.

Wanda bai samu zuwa ba saboda aiki ko rashin lafiya, a ba shi kasonsa cikakke, kada a hukunta shi sau biyu. Boka da falke kuma a ɗaga su zuwa na huɗu kafin zaman Asabar. Yaya, in ka yarda ka sa a jefa ƙuri'a a nan yau.