Kajin kanti sun fi nawa araha, in ƙara wa nawa ruwa?

Wani mai kiwon buroila, wato kajin nama, daga Zariya ya aiko da tambaya. Yana zuba kaji 300 a kowane zagaye, yana yankawa ya gyara ya sayar kilo-kilo, amma kantunan unguwarsu suna sayar da kajin ƙanƙara ƙasa da farashinsa. Ƙaninsa ya ba shi shawarar ya riƙa jiƙa kajin cikin ruwa su kwana kafin su shiga firiza, wai kowa haka yake yi, kuma cikin shekara ɗaya zai ninka jari.

Malam, bari mu ajiye maganar ƙaninka tukuna. Na karanta wasiƙarka sau biyu ina neman lamba ɗaya tak ta nauyi, ban gani ba. Ba ka faɗi kilo nawa kazarka take yi tana raye ba, ko nawa take komawa bayan gyara, ko nawa ta kanti take komawa idan ƙanƙararta ta narke. Kana gasa da farashin da ba ka taɓa ɗorawa a sikeli ba. Kuskurenka ke nan, kuma shi ya sa shawarar banza ta sami wurin zama a kunnenka.

Ruwa yana shiga kajin kanti ta hanya uku. Manyan mayanka suna sanyaya kaza cikin kwami na ruwan ƙanƙara bayan an fige ta, sai fata da ƙarƙashinta su sha. Wasu kuma suna yi mata allurar ruwan gishiri haɗe da sinadarin fosfet, wanda yake riƙe ruwan a cikin tsoka, ba ya fita sai an ɗora a wuta. A Amurka irin wannan allura tana kaiwa kashi 15 cikin ɗari na nauyi, shi ya sa dokarsu ta tilasta a rubuta a jikin leda. Ta uku ita ce ƙanƙarar da ake lulluɓe kazar da ita daga waje. Tarayyar Turai ta ƙayyade ruwan da zai tsiyaya daga daskararriyar kaza da aka sanyaya cikin kwami da kashi 5.1. Mu kuwa a nan, tun 2003 aka haramta shigo da daskararrun kaji Najeriya, don haka wadda ta biyo ta Kwatano a ɓoye ba wanda ya auna ta, ba kuma wanda zai gaya maka sau nawa ta narke ta sake daskarewa a hanya.

Gobe ka sayi uku daga kantuna daban-daban. Auna kowace da ledarta ka rubuta. Cire ledar, ɗora kazar a kan gwagwa da roba a ƙasa, saka a firij ta yi awa 24. Kada ka narkar da ita a rana ko cikin ruwan zafi, awon zai lalace. Goge ta da tsumma mai tsabta, har cikin cikinta, ka sake aunawa. Yi wa naka guda uku daidai haka, domin nama da kansa wajen kashi 70 ruwa ne, kuma ko kazar gida idan ta daskare sai ta zubar da kaɗan. Bambancin da ke tsakani shi kake nema. Sannan ka soya cinya ɗaya daga kowane ɓangare a mai ɗaya. Mai ruwa za ka ji man yana tartsatsi yana fallatsa, kasko ya yi kumfa, naman ya janye daga ƙashi ya tsuke.

A ce kilonka naira 5,000 ne, na kanti 4,500. Idan tasu ta zubar da giram 120 a kowane kilo, mai saye ya biya 4,500 a kan giram 880, wato sama da 5,100 ke nan a kilo na nama. Ka ga ashe kai ne mai araha, kana zaune kana kuka. Idan kuma awon ya nuna tasu ba ta zubar da abin kirki ba, to ciwon yana cikin kejinka, kuma nan ma sikeli ne zai gano shi. Buroila mai kilo 2.2 ya kamata ta ba ka wajen kilo 1.5 bayan cire gashi, kai, ƙafa da kayan ciki, ta kuma ci abinci wajen kilo 4 kafin ta kai can. Idan taka tana cin 5 da rabi, ko dai abincin ba shi da kyau, ko yana zubewa a ƙasa, ko buhu yana fita ta ƙofar baya. Wa yake riƙe da makullin sito? Idan ƙanin nan ne kuma babu littafi, fara daga nan.

Maganar jiƙawa kuwa, algus ne, kuma ka san labarin mai hatsin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasan tsibi da abin da Annabi (SAW) ya ce masa. Ko ta fuskar ciniki ma asara ce. Ruwan randa ba ya kai sanyin digiri 4 da nama yake buƙata, kaza ɗaya mai ƙwayar cuta za ta raba wa sauran duka cikin baho, fata ta yi laushi ta fara wari da wuri. Ranar da aka ɗauke wuta aka kwana, kajinka za su riga na kowa lalacewa. Giram hamsin ɗin da ka ƙara a sikeli ba zai biya firiza guda da ka zubar ba.

Daina bin masu sayen kaza ɗaya don miyar gida, su farashin baki suke ji. Je wajen masu gasa kaji, masu gidan abinci da matan da ke girkin biki, waɗanda ribarsu tana cikin girman yanka a faranti. Tafi da sikelinka da cinyoyi biyun nan soyayyu, ka ajiye a gabansu. Ƙundu, hanta, wuya da ƙafa kuma ka ware ka sayar daban, kada ka ba da su gyara. Ka yi zagaye biyu kana rubuta nauyin rai, nauyin gyara, buhunan abinci da kajin da suka mutu, sannan ka sake aiko da lambobin mu duba ko za ka iya ƙara yawan kajin.