Amsa ga Kawu kan cewa mace ba ta riƙe hanya

Assalamu alaikum 'yan gida. Kawu, barka da dare, a yi min afuwa, sai yanzu na tashi daga aiki na saurari muryarka. Ka ce tunda ƙanwata ta ɓace a Harami bayan tarawihi, ta fita ta wata ƙofa ta kasa gane hanyar unguwar Misfala, ai dama mace ba ta riƙe hanya, maganar ruksar tuƙi, wato lasisi, kuma halas, a bar ta. Kawu, da girmanka, wallahi maganar nan ta tsaya min a rai.

Akwai ƙanshin gaskiya a ciki, ba zan ɓoye ba. An sha gwada samari da 'yan mata a jami'o'i. A nuna maka wata siffa, a ce ka juya ta a cikin kanka, ka zaɓo wadda ta yi daidai da ita. In aka haɗa sakamakon kowa, maza sukan ɗara. Haka gwajin da ake saka mutum cikin tafki a kwamfuta ya lalubo wani dandamali da aka ɓoye, wanda asalinsa masanin ƙwaƙwalwa Richard Morris ya tsara shi don ɓeraye. Amma fa jimilla ake nufi, yani sai ka samu yarinya ta kere samari da yawa a aji ɗaya. Kuma a 1992 masu bincike Silverman da Eals sun gwada tuna inda aka ajiye kaya, mata suka fi. Mu ma sau da yawa da alama muke tafiya, masallaci kaza, shagon kaza. Ƙanwata da ta fita ta baƙuwar ƙofa, cikin dare, cikin cunkoson Ramadan, alamominta ne suka ɓace mata.

Abin da ya fi damuna shi ne daga ina bambancin yake. A 2018 an fitar da binciken wasan waya na gwada gane hanya mai suna Sea Hero Quest, mutum sama da miliyan biyu suka buga. Aka ga ƙasashen da mata ke samun dama kusan daidai da maza, tazarar ƙarama ce, inda damar ta yi ƙaranci kuma ta yi faɗi. Sannan direbobin tasi na Landan, a 2000 aka auna ƙwaƙwalwarsu, aka ga sashen baya na hifokamfas ɗinsu, ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke adana taswirar wuri, ya fi na sauran mutane girma, kuma wanda ya fi daɗewa a aikin nasa ya fi.

To Kawu, duba gidanmu. Yaran maza tun suna shekara goma ake aikensu, sun tattake Shari' Mansur da ƙafa, sun ɓata sun dawo ba adadi, babu wanda ya yanke musu hukunci. Ita kullum a bayan mota take, ido a waya. Mata sai a watan Yunin 2018 aka ba su izinin tuƙi a nan Saudiyya. Ni kaina watannina na farko a titunan Jidda kuka ne kawai ban yi ba, yanzu ni nake kai Inna asibiti.

Don Allah ka bar min ita ranar Juma'a. Zan zo Makka, mu shiga Harami ta ƙofar Malik Abdul'aziz mu fita ta ƙofar Malik Fahad, wayarta a jakata, ita za ta ja mu har gida. Mu yi haka sau uku, sannan ka yanke maganar ruksar. A gaishe da Gwaggo.