Ku Tambayi Makanike: Tiyon birki na roba ko mai saƙar waya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Oga, ya aiki ya iyali? Ni ɗan acaɓa ne a wani ƙauye ta wajen Ringim, mashin ɗina mai dis ne a gaba, na hannu na siye shi kuma ya kwana biyu a wajena. Yanzu in na matse birkin gaba sai hannun ya yi laushi har ya kusa taɓa kan mashin kafin ya kama, musamman in na ɗauko kaya ranar kasuwa. Wani abokina ya ce in cire tiyon robar in sa irin mai saƙar wayar nan mai ƙyalli, wai birkin zai ninka ƙarfi. Don Allah gaskiya ne ko asarar kuɗi zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya tsare hanya. Abokinka ya faɗi rabin gaskiya ne. In ka matse hannun birki, masta, wato ɗan famfon da ke jikin hannun, ita ce ke tura mai ta cikin tiyo zuwa kalifa, ƙarfen da ke riƙe da fad a wajen ƙafa, ita kuma ta matse fad a jikin dis. To tiyon roba in ya tsufa, ga rana ga zafin injin, duk matsewar da ka yi sai ya ɗan kumbura, wani ɓangare na ƙarfin hannunka ya tafi wajen kumburin maimakon ya isa ƙafa. Shi mai saƙa cikinsa bututun Teflon ne, wani irin filastik mai jure zafi, an naɗe shi da saƙar ƙarfen da ba ya tsatsa, shi ya sa ba ya kumbura, hannun ya yi tauri ka riƙa jin daidai inda birkin ke kamawa. Amma maganar ninka ƙarfi babu ita, dis ɗin nan dai shi ne, fad shi ne, tayar ma ita ce.

Kuma ni kafin ka fitar da ko sisi a kan tiyo ina so ka duba man birkinka, don yawancin mashinan da ke zuwa da irin wannan kukan ba tiyo ba ne matsalarsu, mai ne da ba a taɓa canzawa ba tun da mashin ya fito daga kwali. Nau'o'in man birki da ake kira DOT 3 da DOT 4 suna shan danshin iska a hankali, sabon DOT 4 sai ya kai digiri 230 a ma'aunin Celsius kafin ya tafasa, amma in ya sha ruwa sai ya sauko wajen 155, ka ga kenan in ka ɗauko buhu biyu kana ta riƙe birki mai ya yi zafi, tururi ya taru a ciki, hannu ya tafi fanko. Buɗe murfin masta ka leƙa, in man ya yi baƙi a zubar a zuba sabo daga gwangwanin da ba a buɗe ba, irin wanda aka rubuta a kan murfin, a fitar da iska sosai. Kada ka yarda a haɗa maka da DOT 5, shi na silikon ne, ba sa jituwa. Kamfanoni irin su Yamaha suna cewa a canza mai duk shekara 2, tiyo kuma duk shekara 4, mu nan kuwa sai abu ya fashe muke tunawa da shi, kuma wallahi abin yana damuna don ran mutane ake ɗauka a bayan mashin ɗin nan.

In an yi wannan, fad ma da sauransa, amma hannun bai daina laushi ba, ko ka ga tiyon ya tsattsage ko ya yi ƙulu a wani waje, to lokacin canji ya yi, kuma in da hali mai saƙar ya fi daɗewa. Sai dai ka cire tsohon ka tafi da shi Kano, ko Ƙofar Ruwa ko wajen dilan da ka yarda da shi, a gwada tsayi da lanƙwasar bakinsa. Ka nemi wanda aka rufe saƙarsa da leda mai kauri, saboda hanyoyinmu na Jigawa rairayi ne, in saƙar a buɗe take yashi na shiga tsakanin wayoyin yana cin bututun ciki ba ka gani, ita kanta saƙar tana goge fenti da wayar wuta in tana gugarsu. Akwai kuma na bogi mai ƙyalli a waje amma bakin bai matsu da kyau ba, wannan gara sabon na roba na asali sau goma.

Wajen ɗaurawa a sa sabbin washa na jan ƙarfe a kowane gefen noti, tsoffin sun riga sun lotse za su riƙa yoyo. A juya kai dama da hagu har ƙarshe, a ɗaga gaban mashin shoka ta miƙe, a tabbatar tiyon bai ɗame ba kuma bai murɗe ba. In mai ya ɗiga a tanki a wanke da ruwa nan take, yana cin fenti. Ka gwada a fili ba fasinja tukuna, don hannun zai riƙa kamawa da wuri fiye da yadda ka saba, kuma birkin gaba in ka cafke shi da ƙarfi a cikin rairayi ƙafar zamewa take yi.

TAMBAYA: Oga ni Boxer nake ja tsakanin ƙauyenmu da Wudil, zan iya sa irin wannan tiyon?

AMSA: A'a ƙanena, Boxer ɗin da 'yan acaɓa ke ja ba ta aiki da man birki, gaba kebur ne baya kuma sanda, duka suna buɗe shu ne, wato takalmin birki, a cikin hob. Kai abin da za ka kula da shi shi ne kebur ɗin, in ka ga wayoyinsa sun fara tsinkewa kusa da hannu canza shi a ranar, ka riƙa ɗiga masa mai, sannan bayan damina a buɗe hob a share laka da ƙura a duba kaurin shu.