Amsa ga Malam kan tsoron ɓerayen gwaji

Assalamu alaikum. Malam, na saurari tambayarka, inda ka ce tun da ɓerayen ɗakin gwaje-gwaje jininsu ɗaya ne, me zai sa wani ya fi wani tsoro. A fahimtata, abin da kake son sani shi ne ko gado kaɗai ke yanke halin dabba, kuma amsar ita ce a'a.

Gaskiya ne cewa irin su C57BL/6, wani nau'in ɓerayen gwaji, an samar da su ne ta hanyar haɗa barbara tsakanin 'yan ciki ɗaya har tsara 20 ko fiye, don haka gadonsu kusan ɗaya ne. Amma ka ɗora su a kan dandamalin gwajin tsoro da ke ɗage daga ƙasa, mai hannaye huɗu, biyu da bango biyu a buɗe, ka ba kowanne minti 5. Wani zai fita fili har ya leƙa ƙasa, wani kuwa zai laɓe a lungu yana zubar da kashi, ko kansa ba zai fitar ba.

A shekarar 2013 Gerd Kempermann da abokan aikinsa na Dresden a Jamus sun zuba ɓeraye mata 40 masu gado ɗaya a babban keji guda na tsawon wata 3, kowacce da na'urar da ke nuna inda ta je, kuma kullum bambancinsu sai ƙaruwa yake yi. Bari in gyara, yawon bincike suka auna, ba tsoro kai tsaye ba, amma waɗanda suka fi yawo sun fi samun sababbin ƙwayoyin jijiya a sashen ƙwaƙwalwa mai riƙe tunanin wurare.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake zubar da irin wannan bambanci kamar shara. Lokacin da nake ɗalibi akwai wani ɓera namiji da ya ƙi motsi a duk gwajin da muka yi, sai mai duba aikina ya ce in cire shi daga lissafi domin yana ɓata sakamako. Na cire shi, kuma har yau ina nadama, domin daga baya da na ɗaga shi na ga tabon cizo a gindin wutsiyarsa, ashe abokan kejinsa ne suke cin zalinsa. Wannan ai sakamako ne, Malam, wanda ya kamata a rubuta.

Hatta mai ɗaukar ɓeran yana da nasa tasiri. Jane Hurst ta Liverpool ta nuna a 2010 cewa ɗauka ta wutsiya na ƙara musu fargaba fiye da ɗauka cikin bututu, kuma a 2014 ɗakin binciken Jeffrey Mogil a Montreal ya gano cewa warin jikin mai gwajin, idan namiji ne, yana tayar musu da hankali. Shi wancan ɓeran nawa kullum ta wutsiyar nan mai ciwo nake ɗaga shi.