Ƙasar da ba ta faɗa da kowa, me za ta yi da jirgin yaƙi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na ji a rediyo cewa Suwizalan za ta sayi jiragen yaƙi daga Amurka, alhali a makaranta an koya mana cewa 'yar ba-ruwanmu ce. Wanda ba ya faɗa da kowa, me zai yi da makami? Anya ba almubazzaranci ba ne? Daga ɗalibinka a Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗana. Rabin mutanen ƙasar ma abin da suka tambaya ke nan, don haka ba ka yi wauta ba.

Tun 1815 manyan ƙasashen Turai suka amince Suwizalan ba za ta shiga yaƙin kowa ba. Amma zaman yana da sharaɗi. Yarjejeniyar Heg ta 1907 ta ɗora wa irin wannan ƙasa nauyin hana masu yaƙi amfani da ƙasarta. Gida ne tsakanin maƙwabta masu husuma. In babu katanga, ta tsakar gidanka za su riƙa bi su kai wa juna hari. Shi ya sa a 1940 matuƙan Suwizalan suka harbo jiragen Jamus da suka keta sararinsu, kuma da jiragen da suka saya daga Jamus ɗin suka yi aikin.

Ga abin da ya fi tsaya mini a rai. Ranar 17 ga Fabrairu 2014, wani jirgin fasinja na Habasha ya taso daga Adis Ababa zuwa Rum. Babban matuƙi ya fita zagayawa, sai mataimakinsa ya kulle ƙofa, ya karkatar da jirgin zuwa birnin Janiba na Suwizalan. Da asuba ne, sojojin saman Suwizalan kuwa a lokacin sai ƙarfe 8 suke fara aiki. Jiragen Italiya da na Faransa ne suka yi masa rakiya. Allah ya kiyaye ba wanda ya mutu, amma ƙasar ta ji kunya ƙwarai. Daga ƙarshen 2020, dare da rana akwai jiragen yaƙi samfurin F/A-18 guda 2 ɗauke da makamai, a shirye su tashi cikin minti 15. Ka tuna ƙasar ba ta kai jihar Sakkwato biyu ba, jirgi mai gudu 'yan mintuna ne ya ratsa ta.

Jiragen nan na F/A-18 tun shekarun 1990 suke aiki, sun tsufa. A 2014 jama'a suka ƙi amincewa da sayen jiragen yaƙi samfurin Gripen guda 22 daga Suwidin. A Satumban 2020 aka sake kaɗa ƙuri'a kan kashe faran (kuɗin Suwizalan) biliyan 6 wajen sayen sababbin jiragen yaƙi, aka amince da kashi 50.1 cikin ɗari kacal. Wannan kam yana burge ni: talaka ne ya yanke hukunci a kan kuɗinsa. Daga nan gwamnati ta zaɓi jiragen Amurka samfurin F-35A guda 36, da rukuni 5 na Patriot mai kakkaɓo jirage da makamai masu linzami daga ƙasa.

Kada ka auna su da buƙatarmu. Mu da muke da 'yan'uwa a Isa da Sabon Birni, jirgin da zai yi shawagi a hankali ya hango ɓarayin daji muke nema, irin Super Tucano 12 da Najeriya ta karɓa a 2021. Su kuwa baƙon jirgi suke so su tare a sama.

Ni a ganina ba almubazzaranci ba ne. Abin da ke damuna daban ne: jirgin da Patriot ɗin duka daga hannu ɗaya za su fito. A 2025 Amurka ta nemi ƙarin kuɗi kan F-35, sannan ta jinkirta Patriot ɗin domin ta fara biyan buƙatar Yukiren, kuma Suwizalan ba ta da yadda za ta yi sai jira.