Tambaya da Amsa: Mu dai ɓawo muka sani, me ya sa Turanci ya rarraba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya ya iyali. Ni ɗalibi ne ina shirin zana WAEC, kuma in an tashi makaranta ina taya yayana zama a shagonsa na hatsi. Abun da ke ɗaure min kai shi ne mu a Hausa ɓawo kawai muke cewa, ɓawon lemu ɓawon gyaɗa ɓawon bishiya, amma a Turanci sai in ga bark in ga peel in ga rind, ga husk ga shell, rannan na rubuta orange bark malamin Turanci ya zagaye min da jan biro. Dan Allah a warware min.
Wani ɗalibi daga Gusau

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, lafiya lau alhamdulillah. Toh malaminka dai bai zalunce ka ba, domin bark na bishiya ne kaɗai, wato ɓawon da ke jikin gindinta da rassanta da saiwarta, ba a taɓa ba ɗan itace wannan sunan komai kaurin bayansa. Sassaƙen maɗaci da ake jiƙawa a sha bark ne, kirfa ɗinnan da ake sakawa a shayi ita ma bark ce, ɓawon ciki ne na wata bishiya da aka fi sani a Siri Lanka ake ɗayewa a shanya ya naɗe. Kwinin na zazzaɓin cizon sauro daga ɓawon wata bishiyar Kudancin Amurka aka samo shi, wasu masana haɗa magani biyu a Faransa suka tace shi a 1820. Akwai ma wata bishiya a Fotugal da ake saɓule mata ɓawo duk bayan shekara 9 a yi murfin kwalba da shi kuma ba ta mutuwa sai ta sake wani. Kalmar bark dai ita ce kuma haushin kare, amma wannan gamo ne kawai babu dangantaka.

In ka dawo kan 'ya'yan itace da kayan lambu a nan ne ake ɗan rikici, skin da peel da rind. Abun da Bature ke dubawa kauri ne. Skin shi ne siririn nan da ke manne da tsoka wanda sau da yawa har da shi ake ci, na tumatir, na inibi, na tuffa, na mangwaro, da busasshen bayan albasa. Peel shi ne wanda ake ɓarewa da hannu ko a fere da wuƙa a yar, lemu da ayaba da dankali da doya, shi ya sa orange peel ya kamata ka rubuta. Rind kuma mai kauri ne mai tauri, na kankana da na kabewa, lemun tsami ma ana ce masa haka, har bayan cukun Turawa rind suke cewa. Amma fa kar ka ɗauka an ja layi da rula, dankalin Turawa in an gasa shi da bayansa skin ake cewa, in uwargida ta feraye ta tara a roba sai ya koma peel, ɓawon ayaba mutumin Ingila ya fi cewa banana skin na Amurka ya ce banana peel kuma duk daidai ne. Ni dai a jarabawa shawarata in ka yi shakka kan ɗan itace ka sa peel ko skin, da wuya ka faɗi.

Yanzu ga wanda ya shafi shagon yayanku, kuma a nan zan ɗan ja maka kunne kan cewar da ka yi mu ɓawo kawai muka sani. A'a wallahi, mutanen birni ne suka taƙaita, je ka tambayi tsohuwa a ƙauye ka ji, akwai ƙaiƙayi akwai dusa akwai ɓuntu akwai kwasfa akwai kwanso, kuma in ka riƙe waɗannan rabin aikin ya ƙare. Ranar sussuka abun da iska ke kwashewa in ana shiƙa, ƙaiƙayi kenan, shi ne chaff. In aka zuba tsabar a turmi aka yayyafa ruwa aka surfa, abun da ke fita a bakace dusa ce, ita ce bran, kuma ka san ba ɗaya ba ne tunda dusa kuɗi ake sawa a saya wa tumaki da kaji, ƙaiƙayi kuwa sai dai a kwaɓa ƙasar gini da shi ko a watsa a gona. Husk shi ne busasshen rufi mara nauyi da ke lulluɓe da ƙwaya, kamar ganyen da ya rufe goyon masara ko ɓuntun shinkafa, Amurkawa kan ce hull ga na shinkafa, na masara kuma wani lokaci su ce shuck. Ɓuntun nan ba ƙaramin abu ba ne, wajen kashi 20 cikin 100 na nauyin shanshera shi ne, shi ya sa kake ganin tsibinsa a bayan injin casa. Shinkafar da aka cire wa ɓuntu aka bar mata dusarta ita ce suke kira brown rice. Pod kuma kwasfa ce mai 'ya'ya a jere a ciki, ta wake, ta bagaruwa da majema ke jima da ita, ta ɗorawa da ake yin makuba da ita, har koko na yin cakulan da kuɓewa pod ne. Shell shi ne kwanso, mai taurin da sai an fasa, gyaɗa, kashu, ƙwallon kaɗanya, kuma shi ne na ƙwai da na kunkuru.

Ɗauki kwakwa ka gani don ita ta haɗa uku a jiki ɗaya. Zaren nan mai kauri da ke waje wanda ake igiya da tabarmar ƙofa da shi husk ne, ka cire shi sai ka tarar da ƙoƙon da ake bugawa da bayan adda ya tsage shi ne shell, sannan ɗan siririn ruwan ƙasa da ke manne da farin naman skin ne. Gyaɗa ma haka, wanda ake ɓarewa shell, jan nan da ake murzawa a hure bayan an soya skin.

Inda nake so ka fi buɗe ido shi ne in kalmomin nan suka koma aikatau ma'anarsu cirewa ce. In mai saye ya turo wa yayanku saƙo a WhatsApp yana neman shelled groundnuts, ɓararriya yake nufi wato tsaba, ba mai ɓawo ba, ita mai ɓawon in-shell ko unshelled ake rubutawa. Haka hulled sesame riɗi ne da aka cire wa bayansa ya yi fari tas, peeled ginger kuma citta ce da aka kankare. Duk mai hulɗa da masu fitar da kaya waje a kasuwa irin Dawanau ya san farashinsu ba ɗaya ba ne, mutum ya karanta a baibai ya loda mota sai an sauke kaya a fara rigima. Allah ya ba da sa'ar jarabawa, a gaida yayan naku.

TAMBAYA: Malam barka da aiki, ina koyon kek a YouTube sai matar ta ce a sa lemon zest, ni kuma na yanka ɓawon lemun tsami duka na zuba kek ɗin ya fito da ɗaci maigida ko taɓawa bai yi ba, wai menene zest ɗin?
Wata uwargida daga Maraɗi

AMSA: Sannu Hajiya, ai ba laifin hannunki ba ne. Ɓawon lemu hawa biyu ne, na sama mai launin kore ko ɗorawa shi ne zest, a nan man ƙamshin yake, shi ne wanda ke fesa wa mutum a ido in ana ɓare lemu. Farin da ke ƙasansa mai laushi kamar soso sunansa pith kuma shi ne mai ɗacin. Ki wanke lemun sosai ki goga shi a ƙananan haƙoran magogin kuɓewa a hankali kina juyawa, da kin hango fari ki matsa gaba, kuma ki goga kafin ki yanka ki matse don in ya riga ya yi laushi ba ya goguwa. Na lemu ɗaya ko biyu ya ishi kwaɓin kek madaidaici.